Masu Hannu a Akwatin Kawu

An sha wuya, ba zan ɓoye ba. Kawu ya rasu a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta ci gonar kowa. Hanyar maƙabarta duk taɓo, kabarin farko da aka haƙa ruwa ya kwanta a ciki, sai da aka koma kan tudu aka sake wani. Ni da ciwon bayan nan nawa na kama makara ban saki ba har muka isa, don wan mahaifiyata ne, in ban ɗauka ba wa zai ɗauka. Allah ne ya ba mu shi, kuma gare Shi ya koma, mu ma muna tafe.

Sai kuma baƙi. Mun shimfiɗa tabarmi daidai dangi da 'yan unguwa, sai ga mutanen Fagam inda gonarsa take, ga na Yalwan Damai, ga na Birnin Kudu, sannan ga wata motar haya daga Jos cike da tsofaffin da ba mu san ko ɗaya ba. Maƙwabta abin da suke ta faɗa shi ne mutumin kirki, manomin riɗi, ba a raba shi da sahun farko. Tsofaffin Jos kuwa wani mutum daban suke yi wa kuka. Ɗaya daga cikinsu ya fara rera wani baiti ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwarsa da yatsa, sai da na kusa da shi ya zungure shi. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce Kawu ne ya yi wasa a bikin yayarta, har bangon gidan ya tsage. Samarin unguwa suka nemi waƙoƙinsa a wayoyinsu ba su samu komai ba, suka ɗaga kafaɗa. Maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda suka tsufa tare, ya juyo ya ce min shi fa duk zatonsa labarin waƙar nan irin na tsofaffi ne da ake ƙara wa gishiri.

Maganar nan ce ta sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, faci nake yi a bakin tashar Gwaram, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa. Amma in na yi shiru, nan gaba kaɗan manomin riɗi kawai za a tuna.

Kuma ba maganar maƙwabci kaɗai ba. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunmu ko wankewa ba mu yi ba, babban ɗan Kawu ya ja ni gefe. Abokin wasana ne, tare muka tashi, yana koyarwa a Islamiyya, ni Malam nake ce masa ko a gaban matarsa. Ya ce da zarar an tashi zaman makoki zai ƙone akwatin da ke ƙarƙashin gadon mahaifinsa. Akwatin ƙarfe ne, a ciki akwai uwar tef ta duk waƙoƙin da Kawu ya taɓa ɗauka, wato manyan fayafayan zaren da daga jikinsu ake buga faifai da kaset. Na kasuwa sun daɗe da ƙarewa, rana da tsatsa sun cinye. In akwatin ya tafi, shi ke nan.

Malam ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya zage shi. Idonsa jawur yake maganar. Tsoronsa kada duk sanda aka kunna waƙar a rubuta wa mahaifinsa wani abu a kabari. Ya ce ya sha roƙonsa a ƙone, shi kuma yakan ce, bari in mutu tukuna. To ga shi ya mutu. Na ce masa wannan ai irin zolayar Kawu ce. Ya ce shi izini ya ji. Na ce kai dama tun muna yara ba ka gane wasa. Ya ce ni kuma ban taɓa gane komai ba sai wasa. A nan muka bar ta, don ana ta sallama.

Kiɗan Kawu ba kalangu ba ne, ba garaya ba. Jitar lantarki ce mai ƙugi, irin kiɗan da ake ce wa rok. Da Hausa yake rerawa, a kan noma da tafiya da 'yan mata da mugun shugaba, amma mahaifiyata cewa take jitar tana kuka kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Jos ya tafi yana saurayi neman aikin kuza, ya ƙare a wani otal yana ɗaukar wa makaɗa kaya. Ranar da mawaƙinsu ya gudu da budurwa aka miƙa masa makirfo don kada a maida wa mutane kuɗinsu. Bai sake sauka ba sai da murya ta ƙi.

Su huɗu ne, kuma bai taɓa ba da labarin da bakin mutum ɗaya ba, kullum mun yi, mun je. Akwai shi da jita da murya. Akwai Baba mai ganga, Kirista ne daga kan duwatsun Filato, wanda daga baya ya biyo shi nan ƙasar ya buɗe shagon gyaran rediyo a Birnin Kudu, yana nan da ransa. Akwai mai jitar bes, wato mai kaurin murya, mutumin kudu maso gabas, wanda bango yake fuskanta in yana kaɗawa, kuma da zanen matarsa yake naɗe jitar kamar jinjiri. Na huɗun shi ne mai na'ura, wanda ke zaune bayan gilashi yana murɗa maɓallai. Bai kaɗa komai ba, amma Kawu a cikinsu yake lissafa shi, yana cewa duk ta hannunsa muke wucewa kamar ƙofar gari.

Ɗakin ɗaukar, yadda suka ba ni labari, an manne bangonsa da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai. Fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga, gumi har cikin takalmi. A wancan zamanin gaba ɗaya ake ɗauka, kowa na kaɗa nasa lokaci guda, in mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a ƙarshen waƙa kowa ya koma farko. Shi ya sa Kawu ya kafa doka: ba a shiga ɗakin sai an ci abinci a kwano ɗaya, har da mai na'ura. Yakan ce wanda hannunku bai haɗu a kwano ba, ba zai haɗu a kiɗa ba. Mai bes ba ya son miyar kuka, amma haka ya yi ta haɗiya shekara da shekaru yana rufe ido.

Maganar da ya fi yawan yi kuwa ita ce waƙa gayya ce, gona ta mutum ɗaya, amma kowace kunya da wanda ya nome ta. Na ji wannan har na gaji.

Ta wajen kwanon nan ya samu Inna, matarsa. Ita ke sayar musu da abincin a ƙofar sitidiyo. Wata rana mai na'ura ya ce waƙar tana da rami a tsakiya, tana son tafi. Aka leƙa waje ba kowa sai mai tuwo, aka ce ta wanke hannu ta shigo. Baba mai ganga ya ce tafinta ya fi na maza ukun zama daidai, daga ranar ba a sake ɗaukar waƙa ba ita ba. Inna ba ta son a tayar da zancen. In an tayar sai ta ce ita dai kwanonta ta shiga ɗaukowa.

Ni na san Kawu ne bayan wuta ta lafa, ya dawo gida ya kama fartanya. Mutum ne mai gajeren zance da dogon kunne. Muna zaune a rumfata babur zai wuce, ya ce wannan sarkarsa ta saki, ko kallo bai yi ba. Ba ya iya jin ladan ya ja murya ta karkace bai runtse ido ba. In yana shuka da ƙafa yake ƙirga taku, bakinsa na motsi, jikoki na bin bayansa suna kwaikwayo.

Shekarar da ɓarayi suka ɗauke min injin ba da iska, na zauna gida kamar mai takaba. Ba a jima ba sai ga wani injin a kan amalanke, wai in ji Kawu. Na tambaye shi ina ya samu, ya ce in tambayi injin. Sai da na shiga Birnin Kudu ran kasuwa na ga babbar lasifikarsa, wadda ya taho da ita tun daga Jos, a kan motar mai tallan maganin basir, ana ta kwarara ihu da ita. Na dawo raina a ɓace na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai gara yanzu, da can ciwon kai take sa mutane.

Da mai bes ya rasu, Kawu ya hau mota har garinsu a gabas, ya tsaya aka binne shi, ya dawo da irin doya da iyalin suka ba shi. Ya shuka a Fagam, ba ta yi ba. Ya sake, ba ta yi ba. Bai daina gwadawa ba sai da irin ya ƙare. Matar mai na'ura kuwa, tun da mijinta ya rasu, duk kaka buhun geronta na cikin na farko da ake ɗaurewa, ni nake kai shi tasha.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Yana da taurin kai, kuma ya taɓa yin abin da ya raba shi da amininsa. Bayan ya dawo gida, wani mai sitidiyo a Kano ya aiko masa cewa ana son tsofaffin waƙoƙi a sabon salo. Ni na raka su, shi da Baba mai ganga, Baba da sandunansa a aljihun riga. Muka tarar ba ganga a ɗakin ko ɗaya, fiyano ce kawai da kwamfuta. Mai sitidiyo ya ce ganga da bes da tafi duk suna cikin fiyano, murya kawai ake buƙata. Na zaci Kawu zai juya. Bai juya ba. Ya daɗe ba a kira shi ko'ina ba, ina ganin abin ne ya ja shi. Ya shiga aka rufe ƙofa, Baba ya zauna a benci a waje yini guda yana kallon masu wucewa. Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Muna isa Birnin Kudu Baba ya sauka bai yi sallama ba.

Kaset ɗin ya fito, Kawu ya saurara sau ɗaya ya ce gangar ba ta numfashi, ya jefa uwar a ƙasan akwati bai ƙara ambatonta ba. Amma ya je ya ba da haƙuri, ina. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba sa magana. Sai rediyon Kawu ya fara lalacewa. Ya ba ni in kai Birnin Kudu, Baba ya buɗe, ya haɗa waya ɗaya, ya miƙo min. Ba a jima ba ya sake mutuwa, wayar nan dai. Na yi ta jigila har na gane da hannu ake cire ta. Ranar da Baba ya gaji ya ce min, je ka gaya wa mai rediyon nan ciwon ba a jikin rediyo yake ba, ya zo da kansa a duba shi. Na goya Kawu a babur muka je. Ba wanda ya ce yi haƙuri. Baba ya aika aka sayo shinkafa da wake a kwano ɗaya, suka sa hannu, ni ina gefe ina jin yunwa.

Game da halal da haram ɗin kiɗa, ban taɓa jin Kawu ya yi gardama da kowa ba. Ya bar wasa, ya riƙe sallarsa, jitar na rataye a ɗaki ba tsirkiya a jikinta. Bai ce ya yi nadama ba, bai ce bai yi ba. Ni ma ban san hukuncin ba, faci na iya.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu. Liman ya maimaita abin da ya faɗa a wajen jana'iza, cewa duk wanda ke bin mamaci wani haƙƙi, ko yake da ajiya a hannunsa, ya faɗa yanzu a sauke masa nauyi. Baba mai ganga tun ranar farko yana bakin tabarma, hularsa a kan gwiwa, in an ɗaga hannu addu'a shi ya sunkuyar da kai. Na riga na gaya masa zancen akwati. Sai ga shi ya gyara murya.

"Liman, ina da ajiya a gidan nan."

Malam ya matso da ladabi ya durƙusa, ya ce Baba ya faɗi ko mene ne, in sha Allahu ba za a kwana ba a sauke ba.

"Hannuwana nake bi, ɗana. Suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado. Muryar ta mahaifinka ce, wannan ban isa in hana ka ba. Amma gangar tawa ce. In ka iya cire muryar ka bar min gangar, ga wuta ga ka."

Ya ƙara da cewa mai bes ya bar 'ya a Jos, mai na'ura ya bar mata, su ma ba a tambaye su ba. Malam ya juya wajen Liman. Liman ya shafa gemu, sannan ya ce shi ba zai shiga zancen kiɗa yau ba, malamai sun yi ta yi ba su gama ba. Amma abin da aka yi haɗaka a kansa, magajin mutum ɗaya ba shi da ikon halaka shi sai sauran sun yarda. Ƙone shi ma wani haƙƙin ne za a ɗora wa mamaci da mai ƙonawa.

Muna cikin haka sai muryar Inna daga bayan labulen zaure, ita da ke takaba ba ta fitowa. Ba ta ɗaga murya ba.

"A gaya wa Malam tafina ma yana ciki. Ban yarda ba."

Wani tsoho ya kasa riƙe dariya ya mai da ita tari. Malam ya sunkuyar da kai. Na san shi, ba ya ja da uwarsa, kuma ba ya cin haƙƙin mutum ko na allura ne. Amma na ga tsoron bai bar fuskarsa ba, har ya ba ni tausayi. Can ya ɗago ya tambayi Baba, tsakani da Allah, ko a cikin akwatin akwai wadda mahaifinsa ne shi kaɗai, ba hannun kowa.

Ni da Baba muka kalli juna. Baba ya ce akwai guda, ta Kano, tana can ƙasa. Daga mahaifinka sai fiyano, fiyano kuwa ba ta da magada.

Aka fito da akwatin, na tono ta na miƙa wa Malam. Baba ya laluba aljihu ya ce in babu ashana a gidan shi yana da ita. Wannan karon har Liman sai da ya yi dariya. Malam ya zagaya bayan gida da ita shi kaɗai, muka ji warin roba. Da ya dawo idonsa ya yi sanyi. Ya roƙi Baba abu ɗaya, kada a kunna sauran a wurin shaye-shaye. Baba ya ce a shekarunsa wurin shansa ɗaya ne, teburin mai shayi. Malam ya ce zai dasa itatuwa a bakin hanyar gonar Fagam, ladan ya je wa mahaifinsa. Na ce zan kawo tsofaffin tayoyi a kewaye su saboda awaki. Ya ce karon farko ke nan da na yi magana mai amfani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna haƙuri. Mu da muka rage ya sa mu cika da kyau.

Washegari da sassafe na ɗaura akwatin a bayan babur zan kai wa Baba. Malam da kansa ya riƙe min ina jan roba, yana cewa in bi a hankali wajen ramuka. Na samu Baba ya riga ya share shago, ya sauko da wata tsohuwar na'urar tef daga saman kanta ya goge ta. Ya ce komai nata lafiya, sai dai robar da ke juya ta ta narke, kuma an daina sayar da irinta. Na duba wurin, na ciro tsohon tub na taya daga jakata na yanka masa zobe. Ya ɗora tef, ya murɗa. Ganga ta shigo tana jan ƙafa, sai muryar Kawu, mai kauri, a hankali, kamar ta tsohon da muka binne.

Baba ya kashe. Ya ce robar ta yi sako-sako, mutumin nan yaro ne a lokacin, in rage ta.

Na ciro reza na yanka wata.